Jirgi Ɗaya Ya Kwaso Su: Tarihin Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Jirgin Indiyanafolis da Matsayinta ga 'Ya'yanta

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ga mutane suna fama da matsala iri ɗaya, yakan ce jirgi ɗaya ya kwaso su. A wurinsa wannan adon harshe ne, domin galibi babu jirgi babu kogi a cikin lamarin. To amma akwai mutanen da maganar ta hau kansu daidai wa daida, su ne sojojin ruwa, waɗanda sukan shafe watanni ko shekaru a cikin jirgi ɗaya, suna ci tare, suna kwana tare, kuma kowannensu ya san cewa idan jirgin ya nutse ba zai zaɓi wanda zai tafi da shi ba. Irin waɗannan mutane, bayan sun tuɓe kaki, sukan kafa ƙungiyoyin zumunci, suna kiran junansu da wata kalma ta Ingilishi wadda ma'anarta ita ce abokin jirgi.

Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da zama ɗan irin wannan ƙungiya yake nufi ga mai shi. Maimakon a yi ta tsalle daga wannan ƙungiya zuwa waccan, an zaɓi guda ɗaya aka bi tarihinta, wato ƙungiyar waɗanda suka tsira daga jirgin yaƙin Amurka mai suna Indiyanafolis, wanda ya nutse a Tekun Fasifik a shekarar 1945. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, babban amfanin ƙungiyar ga 'ya'yanta shi ne ta mayar da su shaidun juna. Abin da kowannensu ya gani shi kaɗai, yake ɓoyewa a zuci, shi ne ƙungiyar ta tattara ya zama shaida ta jama'a, har ta kai ga shaidar ta tilasta wa hukuma ta gyara abin da ta rubuta a kundinta.

2.0 Asalin Ƙungiyoyin Abokan Jirgi

Ƙungiyoyin tsofaffin sojojin ruwa iri biyu ne. Na farko su ne na gama-gari, waɗanda suke karɓar duk wanda ya taɓa aiki a rundunar, ko a wane jirgi ne. A Amurka akwai wadda aka kafa a 1924 domin kare haƙƙin ƙananan sojojin ruwa, a Ingila kuma akwai ƙungiyar tsofaffin sojojin ruwa ta masarauta wadda aka kafa a 1950, ta kuma sami takardar amincewar sarauta a 1954. Na biyu su ne waɗanda aka gina a kan jirgi ɗaya tak. Misalinsu ita ce ƙungiyar jirgin Hood na Ingila, wanda Jamusawa suka nutsar ranar 24 ga Mayu, 1941, inda mutum uku kawai suka tsira daga cikin 1,418. An kafa ƙungiyar tasa a 1975, kuma a lokacin akasarin 'ya'yanta waɗanda suka yi aiki a jirgin ne kafin tafiyarsa ta ƙarshe, tare da iyalan waɗanda suka rasu.

Dalilin da ya sa jirgi yake iya haifar da zumunci mai ƙarfi haka yana cikin yanayin rayuwar jirgin kansa. Sojan ƙasa yana iya ja da baya, ko ya ɓuya, ko a raba bataliyarsa gida biyu. Sojan ruwa ba shi da inda za shi. Mai kula da injin da ke can ƙasan jirgi ba ya ganin abokin gaba, ya dogara ne ga mai tsaron da ke sama. Shi kuma na sama ya dogara ga na ƙasa wajen motsa jirgin. Da mai dafa abinci da mai harba igwa da kyaftin, duk makomarsu ɗaya ce. Bugu da ƙari, jirgi yana da suna, yana da ranar haihuwa, yana kuma da ranar mutuwa, don haka sojojinsa sukan ɗauke shi tamkar gari ne da suka fito daga cikinsa. Wannan ne ya sa tsohon sojan ruwa idan zai gabatar da kansa yakan ambaci sunan jirginsa kafin muƙaminsa.

3.0 Nutsewar Indiyanafolis

Indiyanafolis babban jirgin yaƙi ne mai tsawon kimanin mita 186, wanda ya fara aiki a 1932, aka kuma raɗa masa sunan babban birnin jihar Indiyana. Shugaba Roosevelt ya yi tafiye-tafiye a cikinsa kafin yaƙi, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya zama mazaunin Admiral Spruance, kwamandan runduna ta biyar. Ranar 31 ga Maris, 1945, wani jirgin saman Japan na ƙunar baƙin wake ya faɗa masa a kusa da Okinawa, ya kashe mutum tara, aka mayar da shi Kalifoniya domin gyara.

Da aka gama gyara, sai aka ɗora masa wani kaya na sirri wanda ko sojojin da ke cikinsa ba su san ko mene ne ba. Ya tashi daga San Faransisko ranar 16 ga Yuli, ya sauke kayan a tsibirin Tiniyan ranar 26 ga wata. Kayan nan kuwa su ne sassan bam ɗin ƙare-dangi da aka jefa wa birnin Hiroshima ranar 6 ga Agusta. Daga Tiniyan jirgin ya wuce Guwam, inda aka umurci kyaftin ɗinsa, Charles McVay, da ya nufi Leyte a ƙasar Filifin. Jirgin ba shi da na'urar gano jiragen ƙarƙashin ruwa, kuma ba a ba shi ɗan rakiya ba. Har ila yau ba a gaya wa McVay cewa kwana huɗu kafin tashinsa an nutsar da wani jirgin Amurka mai suna Underhill a wannan teku ba, ba a kuma sanar da shi bayanan sirrin da rundunar take da su game da jiragen ƙarƙashin ruwa na Japan da ke yawo a yankin ba. Umurnin da aka ba shi ya bar masa zaɓi game da tafiyar kwane-kwane, wato dabarar sauya alƙibla a kai a kai domin rikita maharbi. Da yammacin 29 ga Yuli, ganin gari ya yi duhu, sai ya dakatar da wannan tafiya.

Jim kaɗan bayan sha biyun dare, wato an shiga 30 ga Yuli, jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan mai lamba I-58, ƙarƙashin Mochitsura Hashimoto, ya harba tofido shida, wato bama-baman nan masu gudu a cikin ruwa. Biyu suka sami Indiyanafolis a ɓangaren dama. Cikin minti 12 ya kife ya nutse. Daga cikin mutum 1,195 da ke cikinsa, kimanin 300 sun tafi tare da shi, sauran kusan 900 suka faɗa teku, mafi yawansu da rigar hana nutsewa kawai, kaɗan ne suka sami kwale-kwalen ceto.

Abin da ya biyo baya shi ne ya mayar da hatsarin ya zama abin kunya ga rundunar. An sa ran isar jirgin Leyte ranar 31 ga Yuli, amma da bai iso ba babu wanda ya ɗaga murya, saboda akwai umurnin da ya ce ba a kai rahoton isowar jiragen yaƙi, jami'an tashar kuwa suka fahimci cewa rashin isowa ma ba a kai rahotonsa. Mutanen nan suka kwana huɗu a ruwa. Rana ta ƙona su, dare ya sanyaya su, man jirgi ya makantar da wasu, ƙishirwa ta sa wasu suka sha ruwan gishiri suka zauce, kifayen shak kuma suka yi ta ɗauke na gefe. Sai ranar 2 ga Agusta wani matuƙin jirgin sama mai suna Wilbur Gwinn, wanda yake sintiri na yau da kullum, ya hango su bisa tsautsayi. Wani matuƙin, Adrian Marks, ya saɓa wa ƙa'ida ya sauke jirginsa a kan teku ya kwashi fiye da mutum 50, kafin jiragen ruwa su iso. Waɗanda suka rayu a ƙarshe su 316 ne. Mutum 879 suka halaka. Gwamnati ba ta sanar da labarin ba sai a ranar da aka bayyana cewa Japan ta miƙa wuya, don haka murnar ƙarewar yaƙi ta binne shi.

4.0 Shari'ar Kyaftin McVay

McVay yana cikin waɗanda suka tsira. Admiral Nimitz, babban kwamandan Fasifik, ya ga cewa takardar gargaɗi ta isa, amma Admiral King da Sakataren Rundunar, James Forrestal, suka zaɓi a gurfanar da shi gaban kotun soja. An fara shari'ar a Washinton ranar 3 ga Disamba, 1945, bisa tuhuma biyu: jinkirin ba da umurnin a fice daga jirgi, da kuma jefa jirgi cikin haɗari ta hanyar barin tafiyar kwane-kwane. Rundunar ta yi abin da ya ba mutane da yawa mamaki, ta ɗauko Hashimoto daga Japan domin ya ba da shaida a kan wanda ya nutsar wa jirgi. Sai dai shaidar tasa ba ta yi wa masu ƙara daɗi ba, domin ya nuna cewa ko da jirgin yana kwane-kwane da sai ya same shi. Wani gogaggen kwamandan jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka, Glynn Donaho, shi ma ya ba da shaida mai kama da wannan.

Duk da haka kotu ta wanke McVay daga tuhuma ta farko, ta same shi da laifi a ta biyu. A 1946 an ɗage masa hukuncin rage matsayi da aka yanke, ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya a 1949, amma laifin yana nan a rubuce. Amurka ta yi asarar ɗaruruwan jirage a wannan yaƙi, shi kaɗai ne kyaftin da aka hukunta saboda abokan gaba sun nutsar masa da jirgi. Ga iyalan da suka rasa 'ya'yansu kuwa, hukuncin ya ba su sunan wanda za su ɗora wa alhaki, wasunsu suka yi ta aika masa wasiƙun tsinuwa shekara da shekaru, musamman a lokacin Kirsimeti.

5.0 Shekarun Shiru da Taron 1960

Bayan yaƙi sojojin sun watse, kowa ya koma jiharsa. Bayanan da suka bayar daga baya sun nuna cewa da yawansu ba su taɓa gaya wa matansu ko 'ya'yansu abin da ya faru ba. Wannan shiru yana da dalilai. Na ɗaya, labarin ba na jarumtar fagen fama ba ne irin wanda jama'a suke son ji daga bakin waɗanda suka ci yaƙi. Na biyu, a cikin ruwan nan an ga abubuwan da ba su faɗuwa: waɗanda suka zauce sun auka wa 'yan'uwansu suna zaton abokan gaba ne, wasu kuma sun saki hannun aboki saboda ƙarfinsu ya ƙare. Mutum yana iya ɗaukar irin wannan a matsayin laifinsa shi kaɗai, matuƙar bai ji daga bakin wani cewa shi ma haka ta same shi ba.

A 1958 wani ɗan jarida mai suna Richard Newcomb ya wallafa littafi a kan nutsewar jirgin, wanda ya tayar da tsohon miki, ya kuma sa waɗanda suka tsira suka fara neman juna. Wanda ya ɗauki nauyin haɗa su shi ne Giles McCoy, ɗaya daga cikin sojojin ƙundumbala da ke gadi a jirgin. Ya bi adireshi ɗaya bayan ɗaya, har aka yi taro na farko a birnin Indiyanafolis a ƙarshen Yulin 1960, shekara 15 cif bayan hatsarin. Daga wannan taro ne ƙungiyar ta samo asali, McCoy ya zama shugabanta.

An gayyaci McVay, ya kuwa zo tare da matarsa, ko da yake yana ɗari-ɗari da irin tarbar da za a yi masa. Abin da ya tarar shi ne tsofaffin sojojinsa sun jeru suna sara masa, da yawansu suna hawaye. Wannan shi ne hukunci na farko da ƙungiyar ta yanke, kuma ya saɓa wa na kotun soja. A wurin taron aka nemi izninsa a fara fafutukar wanke sunansa, shi kuwa ya nuna cewa tun da shi ne shugaban jirgin, nauyin yana wuyansa. Matarsa ta rasu a 1961. Ranar 6 ga Nuwamba, 1968, ya harbe kansa a gidansa da ke Litchfield a jihar Connecticut, yana da shekara 70.

6.0 Matsayin Ƙungiyar ga 'Ya'yanta

Daga abin da ya gabata da wanda ya biyo baya, ana iya fitar da fuskoki huɗu na abin da zama ɗan wannan ƙungiya yake nufi.

6.1 Wurin da Ake Iya Magana

Amfani na farko shi ne samun masu sauraro waɗanda ba sa bukatar a yi musu bayani. Wanda bai kwana a teku ba, komai tausayinsa, sai ya yi tambaya, tambayar kuwa ita ce take rufe bakin mai labari. A tsakanin abokan jirgi babu wannan. Mutum yana iya faɗin rabin magana a gane sauran, yana kuma iya yin shiru a gane abin da yake nufi. Akwai kuma wani abu da ya shafi yanayin hatsarin. Da jirgin ya nutse, igiyar ruwa ta rarraba mutanen rukuni-rukuni a faɗin mil da yawa, ta yadda kowane rukuni bai san halin da saura suke ciki ba. Saboda haka babu mutum ɗaya da ya san labarin gaba ɗaya. Sai a tarurrukan ƙungiya ne aka riƙa haɗa guntayen, wannan ya faɗi inda ya ga wane a ƙarshe, wancan ya cike abin da ya biyo baya. Da farko duk bayan shekara biyar ake taron, daga baya aka matso da shi har ya zama na shekara-shekara, domin an ga cewa masu zuwa suna raguwa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma mutanen nan sun riƙa tasowa daga jihohi masu nisa, wasu a keken guragu, domin kada a yi babu su.

6.2 Amanar Waɗanda Suka Rasu

Fuska ta biyu ita ce ɗaukar nauyin mamata. Mutum 879 ɗin nan ba su da kaburbura a garuruwansu. Teku ce makwancinsu. Iyayensu da matansu sun sami ɗan gajeren saƙo ne daga hukuma, babu bayanin yadda aka yi. Waɗanda suka tsira su kaɗai ne za su iya gaya wa uwa ko ƙanwa yadda ɗanta ko wanta ya cika. Wannan aiki ne mai nauyi, domin wani lokaci gaskiyar ba ta da daɗin ji, kuma akwai iyalan da suka daɗe suna kallon masu ran da tambayar da ba su furta ba, wato me ya sa ku kuka dawo, namu bai dawo ba. A hankali ƙungiyar ta jawo waɗannan iyalai cikin tarurrukanta, aka ware lokaci na musamman domin tunawa da mamata. Ƙoƙarinta ne kuma ya kai ga gina dutsen tunawa a bakin magudanar ruwan birnin Indiyanafolis, wanda aka buɗe ranar 2 ga Agusta, 1995, shekara 50 daidai da ranar da aka hango su. A jikinsa an sassaƙa sunayen dukkan waɗanda suke cikin jirgin a tafiyarsa ta ƙarshe, masu rai da mamata a jeri ɗaya.

6.3 Wanke Sunan Kyaftin

Fuska ta uku ita ce ta fi fitowa fili a tarihi. Bayan rasuwar McVay ƙungiyar ta ɗauki wanke sunansa a matsayin bashi. Shekara da shekaru 'ya'yanta suna rubuta takardun koke ga shugabanni da 'yan majalisa, rundunar tana amsa musu da cewa shari'ar ta bi ƙa'ida. Ya kamata a lura cewa babu wani ɗan ƙungiya da zai ƙaru da kwabo idan an wanke mamaci. Abin da yake damunsu shi ne, hukuncin ya sa tarihin jirginsu ya zama tarihin sakacin mutum ɗaya, alhali su da suka kwana huɗu a ruwa sun san cewa mafi yawan 'yan'uwansu ba tofido ne ya kashe su ba, jinkirin ceto ne. Wato wanke kyaftin da faɗin gaskiyar yadda abokansu suka mutu abu ɗaya ne.

Taimako ya zo musu ta inda ba su zata ba. A 1996 wani yaro ɗan makaranta daga Pensacola a jihar Fulorida, Hunter Scott, ya kalli fim ɗin Jaws na 1975, inda wani ɗan wasa yake ba da labarin nutsewar jirgin, sai ya zaɓi batun domin gasar tarihi ta makarantu. Ya aika wa waɗanda suka tsira tambayoyi, da yawansu suka amsa, suka kuma ba shi takardu da hotunan da suka adana. A nan ne amfanin ƙungiya ya bayyana, domin ba don akwai jerin sunaye da adireshi, da kuma mutanen da suka riga suka saba faɗin labarinsu a gaban juna ba, da yaro ɗan shekara 11 bai sami abin da zai tattara ba. A wannan lokaci kuma an riga an saki bayanan sirrin yaƙi waɗanda suka nuna abin da rundunar ta sani ta ɓoye wa McVay. Kafofin watsa labarai suka ɗauki zancen, Sanata Bob Smith ya tsaya a kai, har kwamitin harkokin soja na Majalisar Dattawa ya zauna a watan Satumba na 1999, inda yaron da tsofaffin sojojin suka ba da shaida.

A shekarar kuma Hashimoto, wanda a lokacin ya tsufa yana hidimar wani wurin bauta na addinin Shinto a Kyoto, ya rubuta wa shugaban kwamitin, Sanata John Warner, wasiƙa yana goyon bayan a wanke mutumin da ya nutsar wa jirgi. Ranar 30 ga Oktoba, 2000, Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar da ta ƙunshi matsayin Majalisa cewa ya kamata kundin aikin McVay ya nuna an wanke shi daga alhakin asarar jirgin. Hashimoto ya rasu kwana biyar kafin wannan rana. A watan Yulin 2001 Sakataren Rundunar, Gordon England, ya ba da umurni a saka wannan bayani a fayil ɗin McVay. Sai dai nasarar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, domin matsayin Majalisa bai soke hukuncin kotun soja a fuskar doka ba. Abin da aka samu shi ne, duk wanda ya buɗe fayil ɗin yanzu zai ga hukuncin 1945, zai kuma ga shaidar abokan jirgi a gefensa, bayan shekara 41 da fara neman haka.

6.4 Faɗaɗar Zumunci

Fuska ta huɗu ta shafi tambayar wane ne ɗan ƙungiya. A 1960 amsar a fili take: wanda ya shiga ruwa ya fito. Da tafiya ta yi tafiya sai da'irar ta buɗe. An shigo da matuƙan jiragen sama da sojojin jiragen da suka yi ceto, sannan iyalan mamata, sannan waɗanda suka yi wa ƙungiyar hidima, waɗanda akan ba su matsayin ɗan ƙungiya na girmamawa. Daga cikinsu akwai Hunter Scott, da William Toti, kwamandan wani jirgin ƙarƙashin ruwa da ya gaji sunan Indiyanafolis, wanda ya taimaka wajen fafutukar daga cikin rundunar.

Mafi ban mamaki shi ne abin da ya faru tsakaninsu da Hashimoto. A watan Disambar 1990 ya sadu da wasu daga cikinsu a Pearl Harbor, ya nemi ya yi addu'a tare da su domin waɗanda ya yi sanadin mutuwarsu, McCoy kuwa ya gaya masa ya yafe masa. Bayan rasuwarsa jikarsa ta halarci tarurrukan ƙungiyar, aka kuma karɓe ta. Wannan yana nuna cewa ma'aunin zumuncin ya sauya, daga wanda ya sha wahalar zuwa wanda ya yarda ya riƙe gaskiyar abin da ya faru. A kan wannan ma'auni, maharbin da ya faɗi gaskiya a kotu tun 1945 ya fi kusa da su a kan jami'an ƙasarsu da suka ɓoye ta.

7.0 Ƙarshen Zamani

Ƙungiyar da aka gina a kan jirgi ɗaya tana da wani rauni da ta gama-gari ba ta da shi, shi ne ba ta samun sababbin 'ya'ya na asali. Kowace shekara sai dai a rage. Ranar 19 ga Agusta, 2017, ayarin bincike na attajirin nan Paul Allen ya gano gawar jirgin a zurfin kimanin mita 5,500 a Tekun Filifin, aka bar shi a inda yake a matsayin makabarta. A 2018 binciken takardu ya warware wani saɓani da aka daɗe ana yi, ya tabbatar da cewa waɗanda suka tsira 316 ne, ba 317 ba, domin akwai wani da sunansa yake cikin jeri alhali ya sauka kafin jirgin ya tashi. A ƙarshen shekarar aka sa hannu a dokar ba sojojin jirgin lambar zinariya ta Majalisa, aka yi bikin miƙa ta a Yulin 2020, ta hanyar intanet saboda annobar korona, lokacin mutum takwas ne suka rage. Zuwa ƙarshen 2022 saura mutum ɗaya. Tun kafin a kai ga haka, 'ya'ya da jikoki, na masu rai da na mamata da na masu ceto, sun kafa ƙungiyar magada domin ci gaba da taron da adana takardu da muryoyin da aka naɗa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin ƙungiyar tsofaffin sojojin jirgin Indiyanafolis tun daga nutsewarsa a 1945, da shari'ar kyaftin ɗinsa, da shirun shekara 15, da kafuwar ƙungiyar a 1960, har zuwa lokacin da magada suka karɓi aikin. An ga cewa ga ɗan ƙungiya, zama a cikinta yana nufin samun inda zai faɗi abin da ba ya faɗuwa a gida, da ɗaukar amanar abokan da ba su da kabari, da kuma tsayawa shaida ga shugaban da aka ɗora wa laifin da ba nasa kaɗai ba. Dukkan waɗannan suna komawa ga tushe ɗaya, wato shaidar mutum ɗaya ana iya kiranta ruɗu ko son kai, amma idan ɗaruruwa suka haɗu a kanta shekara 40 suna maimaitawa, sai ta zama tarihi. Ga masu nazarin harshe da adabin baka kuwa, akwai abin lura a nan game da yadda labarin baki yake rayuwa a gefen rubutacciyar takarda, har wani lokaci ya gyara ta, muddin ya sami jama'ar da za ta riƙe shi.